Jinjina a Kan Tudun Besbol

Ku samarin Taman Melati da kuke zuwa ku baje min a inuwar kantin kulob kuna cewa Baba Ɗanjuma ya huta, share ƙasa kawai yake yi ana biyan sa da ringit, da ku nake. Maganar nan ta ishe ni. Jiya ma wani a cikinku, mai wandon nan da ke neman faɗuwa, ya ce in na tashi komawa Kano in bar masa aikin, wai yana son sana'ar da babu tunani a cikinta. To ga abin da ke cikin sharar. In kun ga dama ku karanta, in ba ku ga dama ba ku naɗe soyayyiyar ayaba da takardar.

Ni ba karatu ne ya kawo ni ƙasar nan ba. Wani dokta ɗan garinmu ne ya taho da ni in riƙa yi wa iyalinsa cefane da kai yara makaranta. Da ya gama karatunsa ya tattara zai koma, sai na tuna abin da ke jira na a gida, wato lambun albasa a Kura da ruwa har gwiwa, na ce dokta Allah ya kiyaye hanya. Wani direban tasi da muke haɗuwa sallar Juma'a a Kampung Baru shi ya ce min akwai wani kulob a bayan Cheras, na Japanawa da Koriyawa, suna neman mai ƙarfi wanda ba ya tsoron rana, kuma za su yi masa famit na zama. Na ce rana kuwa ai tare muka taso.

Ranar farko aka haɗa ni da Ankul Maniam, wani tsohon Ba'indiye baƙi wuluk kamar ni, siriri, duk gwiwa. Shi ne mai gyaran filin tun kafin a haifi wasunku. Na dubi filin na ga ba irin na ƙwallon ƙafa ba ne. Kamar an yanka gurasa gida huɗu an ɗauki yanki ɗaya, ga ciyawa, ga hanyar jar ƙasa ta zagaya, sannan a tsakiya ga wani tudu ya kumburo. Ni manomi ne, in na ga tudu a tsakiyar fili na san mene ne. Na ɗauki shebur na nufe shi, don in nuna musu ba rago suka ɗauka ba.

Ban taɓa ganin tsoho ya yi gudu irin na ran nan ba.

"Hoi! Me za ka yi?"

"Suri ne, Ankul. In ba a baje shi yanzu ba, gara za ta cinye muku bencuna."

Ya fizge shebur ɗin, ya zage ni da yarensu har ya gaji, sannan ya dawo Turancin da ni da shi muke lallaɓawa.

"Tambi," haka yake kira na, wato ƙane, "wannan tudun shi ne filin. Sauran duk ado ne. Ka taɓa matata in yi haƙuri, amma kar ka taɓa wannan."

Daga baya na ji ashe matar ta daɗe da rasuwa, shi ya sa yake kyauta da ita.

Ga wanda bai san besbol ba, ga shi a taƙaice. Mutum ɗaya ya hau tudun nan ya wurgo ƙwallo mai taurin dutse, wani ya tsaya da kulki ya yi ƙoƙarin maka mata. In ya same ta sai ya yar da kulkin ya zura da gudu yana taka wasu fararen matasai da aka dasa a kusurwoyi, har ya dawo inda ya taso. In bai same ta ba sai ya tofar da yawu ya gyara hula. Yawancin wasan tofar da yawu ne da gyaran hula. Amma mai jifan nan duk ƙarfinsa a ƙafa yake. Kowace jifa sai ya caka takalmi mai ƙusoshi a wuri ɗaya, kafin a tashi ya haƙa rami. In ka bar ramin, gobe ƙafar yaron mutane ta gurɗe, kuma sunanka za a kira.

Kayan aikin ba su da yawa, kuma babu na burgewa. Manjagara ta ƙarfe da ta roba, baro, shebur, tiyo mai tsawon da in ya harɗe sai ka yi masa addu'a, igiya da farar hoda na ja layi, wata tsohuwar ragar ƙarfe da ake ja a baya kamar garmar shanu don ta baje ƙasa, sai tamfol, sai yumɓu a buhu. Akwai kuma wata sanda da Ankul ya yi wa tsaga, da ita yake gwada tsawon tudun, ba ya barin kowa ya riƙe ta. Cike ramin mai jifa shi ne karatun farko. Ka share busasshiyar ƙasar tas, ka yayyafa ruwa kaɗan, ka kwaɓa yumɓu har ya yi kamar tuwon da ya kwana, ka cusa, ka buga. Ankul da wani ƙarfe mai nauyi yake bugawa yana haki. Na tsaya ina kallo sai dariya ta kama ni. Na ce Ankul, wannan ai daɓe ne, aikin da tsohuwata take tara matan unguwa su yi a ɗakin amarya. Na samo guntun katako na sassaƙa madaɓi irin namu, mai lanƙwasa, na durƙusa na nuna masa. Ya taka wurin da dunduniya, ya sake takawa. Washegari na tarar ya ɓoye madaɓin a akwatinsa, wai nasa ne.

Wata Lahadi ana tsakiyar wasa Ankul ya ɗaga hanci ya shaƙi iska ya ce, "Tamfol." Sama fes take, ko gajimare babu. Na ce Ankul ka bari mana. Kafin in rufe baki duwatsun Cheras sun ɓace. Ruwan garin nan ba ya sallama, kun dai gani. Muka kama tamfol muka ja, iska ta shiga ƙarƙashinsa ta ɗaga ni sama kamar kazar da shaho ya sura, ta kayar da ni a cikin layin hodar da na ja da safe. Na tashi fari fat, 'yan kallo suna tafi. Wata tsohuwa Bajapaniya har hoto ta ɗauka. Tun ran nan in Ankul ya ce tamfol, ko a banɗaki nake fitowa nake yi. Yanzu ni ma hancina ya koya. Ciwon baya ma ya koya, shi yake riga hancin faɗa.

Amma ƙasa da ruwa ba su ne wahalar aikin ba. Wahalar ita ce 'yan kallo. Ban taɓa ganin ɗan kallon da bai fi ɗan wasa iya wasa ba, kuma dukkansu sun fi ni iya ban ruwa. Manyansu biyu ne. Mista Mori, tsohon injiniya Bajapane da ya yi ritaya ya ƙi komawa gida, jikansa ne mai jifa a ƙungiyar yara. Sai Mista Pak, Bakoriye mai gidan abinci, ɗansa ne ya fi kowa gudu. Da yake safiyarmu daren Amurka ne, kullum da hantsi za ka same su a gaban talabijin ɗin kantin suna kallon wasan ƙwararru na can, suna ba wa mutanen da ba sa jin su shawara.

Mori ya ce filin da aka yi wa rufi aka shimfiɗa masa ciyawar roba ba fili ba ne, wasa ne a cikin firji. Pak ya ce Mori yana son buɗaɗɗen fili ne don in ƙungiyarsa ta sha kashi ya ce ruwan sama ne. Mori ya ce 'yan wasan yanzu ba mutane ba ne, shanun turka ne da aka ɗura wa allura, dubi wuyan wancan. Pak ya ce da allurar za ta sa 'yan wasan ƙasar Mori su iya duka, da gwamnati ce za ta raba ta kyauta. Mori ya taɓa zuwa wani tsohon fili a Amurka sau ɗaya tak a rayuwarsa, kuma bai bar kowa ya manta ba. Da ya fara "Lokacin da na je," sai Pak ya kira mai kantin ya ce a ƙaro masa shayi, tafiyar da nisa. Shi Pak ɗin ko ƙofar filayen bai taɓa gani ba, amma ya san wanda kujerunsa suka matse da wanda ake cutar mutane a kuɗin tsiran alade.

In sun gaji da Amurka sai su juyo kaina. Mori ya ja ni gefe ya ce, "Juma-san, ƙasar nan ta bushe, ƙara ruwa," don in ta jiƙe masu gudu ba sa sauri, jikansa ya huta. Ban kai ga famfo ba Pak ya tare ni ya ce, "Juma, taɓo za ka shuka mana? Rage ruwa." Na kai ƙara wajen Ankul. Ya tauna ganyen nan da suke ci kamar goro ya tofar ya ce, "Tambi, duk wanda ya zo ka ce masa boleh, bos. Sannan ka zuba ruwan da dama ka yi niyya." Boleh ɗin nan kun san ta, ita ce to ta mutanen nan. Haka na yi shekara da shekaru. In jikan Mori ya ci, Mori ya kashe min ido. In ɗan Pak ya ci, Pak ya aiko min da naman gashi, in ba wa mai gadi don ban san abin da aka yanka ba. Kowannensu ya tabbata ni mutuminsa ne a ɓoye. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Sai kuma namu. Yayyenku masu karatun dokta, waɗanda gwamnati ta turo, su suka gano cewa talabijin ɗin kantin yana kama tashoshin labarai na waje, kuma shayi da arha. Duk Asabar gab da tashin wasa sai ga su, jagoransu Malam Nasiru, mai tabarau da jakar takardu. Ranar da ya fara zuwa ya zauna ya daɗe yana kallon filin, can ya ce, "Baba, wai yaushe za a fara wasan ne?" Na ce ai an kusa tashi. Shekarar da aka yi zaɓe a gida kuwa kantin ya zama majalisa. A kunna wata tasha, Malam Nasiru ya ce, "Canza, waɗannan an saye su." A canza, ya ce, "Yauwa, ga masu gaskiya." Da masu gaskiyar sun taɓa gwaninsa sai ya ce, "Kai, ashe su ma kuɗin ya iso su." Ni dai ina gefe ina wanke tiyo, na ga babu bambanci tsakaninsa da Pak. Kowa alƙali ne adali matuƙar ƙungiyarsa ce ke ci.

Muguwar shekara ita ce wadda ta biyo. Gwiwar Ankul ta ƙi, 'yarsa ta zo ta kwashe shi zuwa Ipoh. Ya miƙo min mukulli da sandar nan mai tsaga, madaɓina kuwa ya tafi da shi. Ga gasar yara ta matso, ana jiran ƙungiyoyi daga Singafo da Bankok. Sai kuma zaɓe ya zo a ƙasar nan, tutoci ko'ina har a kan bishiya. Ashe filin ba na kulob ba ne, haya ake yi, mai ƙasar kuwa ya ba wa wani ɗan takara aron sa ya yi taron cin abinci da jama'a wata la'asar. Madam Lim, sakatariyar kulob, mace mai magana kamar tana yanka albasa, ta kira ni ta ce, "Juma, ba abin da za mu iya. Ka ceci abin da za ka iya ceta."

Tun safe manyan motoci suka shigo min kan ciyawa. Aka kafa rumfuna, aka caccaka ƙarafa, aka ɗora tukwane, janareto yana ɗigar da mai a inda nake bi da hannu ina cire tsakuwa. Na duba na ga abu ɗaya kawai zan iya tsarewa. Na lulluɓe tudun da tamfol, na kafe shi da turaku, na cire takalmi na hau na tsaya da manjagara a hannun hagu. Yara suka zo za su yi sulu, na kore su. Wata mata ta zo za ta shimfiɗa tabarma, na kore ta. Mai lasifika ya ce nan ne ya fi dacewa da akwatinsa, na nuna masa haƙoran manjagara. Can sai ga Malam Nasiru da tawagarsa, wai sun zo nazarin yadda ake siyasa a wata ƙasa. Nazarin a layin shinkafa aka yi shi. Kafin la'asar sakaliya kowannensu ya yi tapau, wato ƙunshin tafiya gida, leda a dama leda a hagu, na iyali.

Sai ɗan takarar ya sauko yana ratsa mutane yana gaisawa, masu kyamara na biye. Ya ɗaga kai ya ga wani dogon baƙin mutum ya fi kowa tsawo a tsakiyar fili. Ya yi min murmushi ya ɗaga min hannu.

Wallahi ban san lokacin da hannuna ya tashi ba. Ku da kuka taso a gidajen da ake ce wa uba dadi ba lalle ku gane ba. Mu a wajenmu in babba ya wuce ya dube ka, dunƙule hannu kake yi ka ɗaga sama ka jijjiga, ka ce ranka ya daɗe. Na yi wa dagaci, na yi wa ciyaman, na yi wa surukina ranar da na je neman aure. Hannun ne ya san aikinsa, ba ya shawara da ni. Na dunƙule, na ɗaga, na jijjiga, na ce da ƙarfi, "Ranka ya daɗe!" Fitilun kyamara suka yi ta walƙiya. Na waiga na ga Malam Nasiru shi ma kafaɗarsa ta motsa, amma ledojin shinkafa suka riƙe shi.

Washegari na je shagon mamak, wato mai shayin Indiyawa Musulmi, inda nake karyawa, mai shagon ya tare ni da jarida. "Wah, Juma, ka zama babban mutum lah!" Ga ni nan a shafi, kan tudu, hannu a sama, manjagara a gefe. Ya karanta min abin da aka rubuta, wai har baƙi 'yan Afirka sun shaida alherin ɗan takara. Kafin azahar Malam Nasiru ya iso da gumi, ya ce a shafin intanet na ɗaya ɓangaren, wato abokan hamayyar ɗan takarar, ma ni ne. Su kuma cewa suka yi an yi hayar 'yan Afirka su zo su yi zaɓen bogi, ga shugabansu nan da makami. Wata tasha ta ce filin ya cika ya batse. Wata ta nuna kujeru babu kowa. Ni da nake wurin, abin da na gani shi ne mutane sun cika har lokacin da shinkafa ta ƙare.

Madam Lim ba ta yi dariya ba. Ta ce famit ɗina da sunan kulob yake, baƙo kuma ba ya sa baki a siyasar ƙasar mutane, har an bugo waya daga wani ofis ana tambayar ko wane ne ni. Ta ce kwamiti zai zauna ranar Lahadi. In suka ce in tafi, famit ya mutu, sai jirgi. Ni kuwa yarana a gida da ƙasar filin nan suke zuwa makaranta.

Malam Nasiru ya ce, "Baba, wannan ɓata suna ne. Za mu rubuta martani, mu kira 'yan jarida, mu yi musu bayanin al'adarmu tun daga tushe."

Na ce, "Malam, su suka jefa ni ramin nan, su kuma za ka kira su kawo ƙasa? In taimako za ka yi, gobe ka zo da mutanenka da tsofaffin kaya."

Filin kuwa kamar an yi kasuwar shanu an tashi. Sawun taya har ƙauri, ramukan turaku, ƙashin kaza, man janareto, hankaki sun sauka suna walima. Malam Nasiru da mutanensa sun zo, ba zan ci haƙƙinsu ba. Suka yi ta turo baro suna musu a kan wace tasha ce ta fi ƙarya. Da aka zo bugun yumɓu a wurin da mai kulki yake tsayawa, na sassaƙa sababbin madaɓai na raba. Malam Nasiru ya yi bugu kaɗan ya tsaya yana duba tafin hannunsa. Matarsa Hajiya Binta, 'yar ƙauyen Gumel ce, ta kawo mana kunu, ta tsaya tana kallon sa.

"Malam, daɓe kake yi ko lallashin ƙasar kake yi? Kawo nan."

Ta ɗaure gyale a ƙugu, ta buga wa sauran matan waya. Kafin la'asar ga matan daktoci a jere a durƙushe suna bugu tare suna waƙa, mazan suna riƙe da jarirai. Mai gadi ɗan Nepal ya zo ya tsaya baki buɗe. Wurin nan har yau bai taɓa fashewa ba.

Ranar Lahadi kwamiti ya zauna a kantin, jaridar a kan tebur, ni a tsaye. Madam Lim ta ce kowa yana son Juma, amma kulob na baƙi ne, ba ya son ido a kansa. Ta ce in yi bayani. Na ce gaisuwa ce, haka muke gai da manya. Ta ce wace irin gaisuwa ce da dunƙulallen hannu? Na ce bari ki gani. Na dunƙule na jijjiga mata na ce, "Ranki ya daɗe!" Ta ja kujera baya har ta bugi firji. Na ce a raina shi ke nan, Kura ga ni nan.

Mori ya kafa tabarau a kan hoton kamar mai neman ƙaya. Can ya ce, "Ku dubi ƙafarsa. Babu takalmi. Kowa a hoton nan yana tattaka filinmu da takalmi, shi kaɗai ya cire. Wanda ya je siyasa ba ya cire takalmi."

Pak ya fizgi jaridar ya duba. "Ni ba ƙafa na gani ba. Tudun nan na gani. Dubi yadda ya kere ɗan takara! Tudun ya yi tsawo, na daɗe ina faɗa. Shi ya sa jikanka yake fitar da yaran mutane daga wasa."

"Tudun daidai yake. Ɗan takarar ne gajere."

"A gwada!"

Kwamiti gaba ɗaya ya tashi ya fita fili, Madam Lim tana biye tana cewa ba wannan ne a ajanda ba. Na ɗauko sandar Ankul aka gwada, Pak ya ce sandar ma Bajapaniya ce. Sai a lokacin suka lura a kan me suke tsaye. Layi ya fita fari, ƙasa ta kwanta, ciyawa dai da tabo amma za a yi wasa. Pak ya goga takalmi ya ce ta jiƙe da yawa. Mori ya murza da yatsa ya ce ta bushe.

Madam Lim ta ce, "To in Juma ya tafi, wa zai riƙa ba ta ruwa?"

Wani ya ce ai Pak yana da yaran aiki a gidan abincinsa, a ɗauko ɗaya. Na ga fuskar Mori ta canza. Wani kuma ya ce a'a, Mori ya san wani kamfanin Japanawa masu gyaran filin golf. Na ga wuyan Pak ya kumbura. Kowannensu ya hango filin a hannun mutumin abokin gabarsa, ga kuma nasa mutumin na ɓoye za a kora. Mori ya ce shi dai a bar Juma. Pak ya ce karo na farko a rayuwarsa tsohon nan ya faɗi gaskiya, a bar Juma. Da aka ɗaga hannu, Mori ya kashe min ido ta dama, Pak ya kashe min ta hagu. Na ce boleh, bos, ban dubi kowa ba.

Madam Lim ta ce ta ji, ita za ta san abin da za ta faɗa wa masu waya, amma da sharaɗi. Daga yau duk ranar da wani babba zai shigo filin nan, hannayena biyu su kasance riƙe da kaya. Ban san ko ta ga Malam Nasiru da ledojinsa ba ne, ko kanta ne ya ba ta. 'Yan jarida kuwa kafin sati ya zagayo sun samu wani sun manta da ni.

Ɗan takarar ya ci zaɓe, kuma shi aka gayyato ya buɗe gasar yaran da jifar farko. Aka tsayar da ni a gefe, manjagara a dama, bokiti a hagu, Madam Lim tana harara ta. Ya hau min tudu da takalmin ofis mai dunduniya, ya juya, ya sake juyawa don masu hoto, ina jin kowace juyawa a haƙorina. Ya dube ni ya gane ni, ya ɗaga min hannu. Bokitin ya yi tsalle, ruwa ya zube min a wando, amma hannun bai tashi ba. Sannan ya yi jifar. Da yamma wata tasha ta ce ya jefa ƙwallo kamar ƙwararre. Ɗaya ɓangaren suka ce ko rabin hanya ba ta kai ba. Mori da Pak har yau suna musu a kai. Ni ban shiga ba, don ni na bi da manjagara na share inda ta faɗi, kuma babu wanda ya tambaye ni.

Saboda haka kai mai wando, in har yanzu kana son aikin, ka zo ranar Asabar da hantsi, kafin ruwa. Ka zo da tsohuwar riga. Zan ba ka bokiti biyu ka fara koyon riƙewa.